Daminar da Na Koyar a Kwarin Aduwa

Tun da aka koma makaranta abokan aikina ba su bar ni na huta ba. Da na shiga ofishin malamai sai wannan ta ce in ba su labarin Nijar, waccan ta ce me na ci na rame haka, wata kuma ta ce ko na iyo Faransanci. Nakan yi murmushi in ce Nijar na gaishe su, in kwashi littattafaina in wuce aji. Ba rowar labari nake yi musu ba. Idan na ɗauko shi da baki ne ba na iya kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, mai so ya karanta, daga nan kuma a ƙyale ni.

Mahaifiyata 'yar ƙasar Tasawa ce, aure ya kawo ta Katsina. Mu 'ya'yanta ba mu taɓa taka garinsu ba, sai dai danginta su zo mana. Da ta rasu bara, cikin masu zuwa gaisuwa har da Isufu, ɗan ƙaninta, wanda ke koyarwa a makarantar ƙauyensu, Kwarin Aduwa, can bayan Urafane. Abokin wasana ne, ko da yake na girme shi. Ana cikin zaman makoki yake ba ni labarin cewa matan garin sun daɗe suna son su iya karatu da rubutu da Hausa, amma ba za su zauna gaban namiji ba, malamai mata kuwa ba sa yarda a kai su can. Ya ce da ni cikin zolaya ai mu 'yan birni sai dai mu ce Allah sarki. Ban san abin da ya shiga kaina ba na ce masa in an yi dogon hutu zan zo. Ina jin kewar Inna ce ta yi maganar, ba ni ba. Maigidana ya yi ta jan ƙafa, daga baya da ya ga na ƙwallafa rai ya ce in je, Allah ya tsare.

Na bar Katsina da safe a motar Dankama. Kayana ba yawa: jakar tufafi, gidan sauro, 'yan magunguna, sai wani babban kwali da abokan aiki suka haɗa mini na alli da littattafan rubutu da fensira. A bakin iyaka jami'in ɓangaren can ya miƙo hannu ya ce, "Kardante." Na tsaya ina kallonsa, sai da matar da ke bayana ta zungure ni ta ce katin shaida yake nufi. Ya tambayi aikina na ce malama ce, ya ce ta allo ko ta lakwal. Nan ma sai da aka fassara mini, ashe lakwal ita ce makarantar boko. Da ya ji cewa matan ƙauye zan je koyarwa, kuma ba biyana za a yi ba, ya ɗago ya dube ni sosai.

"Hajiya, da damina? Wa zai zo miki?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya miƙo mini katina ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota da za ta bi ta Gazawa ta kai mu Tasawa, an ɗaure kwalina a sama tare da buhuna da wani keke. Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, motar kuma ta ko'ina yoyo take. A wani kwari ta kafe. Maza suka sauka turi, mu mata muka raɓe a gindin wata bishiyar bedi. Wata mata mai ɗauke da zabi a kwando ta yaga ledar da ta rufe su da ita ta ba ni rabi in rufe kaina, ta ce zabi sun saba, ni ce ta ga ban saba ba. Ba mu hau kwalta ba sai bayan la'asar. Da muka sauka a tashar Tasawa aka kwance kaya, na ɗaga kwalina sai gindinsa ya zube. Allin nan duk ya narke ya zama farin kunu, ya bi littattafan ya manne su. Isufu da ya zo tarbata ya tsaya yana kallo, ya ce, "Yaya, farar ƙasa kika kawo muna mu shafe ɗaki?" Ni kuwa saura kaɗan in yi kuka a gaban 'yan tasha.

A Tasawa na sauka gidan wata gyatuma cikin dangin mahaifiyata. Tana ganina ta kama fuskata da hannu biyu ta fashe da kuka, tana kirana da wani suna da ban taɓa ji ba. Ashe sunan da ake kiran Inna ne tana yarinya. Ta ba ni gadonta ita ta kwanta a tabarma, duk roƙon da na yi ta ƙi. Garin a lokacin tabkuna ne ta ko'ina, har cikin unguwanni, kwaɗi da sauro ba a magana. Da safe aka kawo mini shayi da wani dogon burodi mai tauri kamar sanda, na rasa ta inda zan fara, jikokinta suna leƙena suna dariya. Hausarmu ɗaya da su, har fura ma hura suke cewa irin na tsofaffinmu, amma da an zo kan abin zamani sai mu rabu. Man fetur isansi, jarka bido, babur moto, malamin makaranta mushe. Isufu ya ce in na ji an ce an kai wani likita, to asibiti ake nufi, ba mutum ba. Gaisuwarsu kuwa ta fi tamu tsawo. Sai an tambaye ka gida da gajiya da ruwa da gona da dabbobi, kai ma ka mayar, sannan a shiga magana.

Muka jira ranar kasuwar Urafane, domin ranar ce ake samun mota. A bayan a-kori-kura muka zauna kan buhunan gishiri, ƙafafuna a kan wata tunkiya. Daga Urafane kuma ba mota. Wani dattijon garinsu, Malam Ilu, ya zo cin kasuwa da amalanken shanunsa, shi ya kwashe mu. Mutum ne marar yawan magana, ya fi yi da shanunsa a kan mutane. Hanyar rairayi ce tsakanin gonakin gero, ko'ina kore shar, har na ce a raina ina yunwar da ake faɗa. A nan na fara ganin ana noma a tsaye da wata doguwar hauya da ake turawa gaba, ba irin duƙen da muke yi da fartanya ba. Na ce wa Isufu ashe su ragwaye ne, noma ma ba sa iya sunkuya masa. Ya ce in bari in riƙe ta wuni ɗaya tukuna.

Matar Isufu, Barira, ta share mini ɗakinta ta koma na yara. Garin rabinsa a kan tudu yake, rabinsa a gangare wajen wani kwari mai itatuwan aduwa. Makarantar tana kan tudu, aji ɗaya ne na siminti da kwano, sauran rumfunan kara ne da ake kwashewa in damina ta faɗi. Isufu ya tono mini guntayen allin da suka rage masa, muka shanya littattafan da za su cetu, aka yi shela cewa Madam ta iso. Haka suke kiran malama mace, ni ma na zama Madam.

Ranar farko ajin bai ɗauke mu ba. Mata da goyo, da 'yan mata, da tsofaffi, har a tagogi. Na rubuta baƙi na farko a allo na ce su faɗa, suka faɗa suka bushe da dariya, kowacce na ɓoye fuska a bayan 'yar'uwarta. Na koma gida ranar ina jin kamar na yi wani abin kirki a duniya. Amma ba a yi mako biyu ba benci ya fara zama fili. Na yi fushi da farko, har na ce wa Barira mutanen nan ba da gaske suke ba. Washegari dai ta tashe ni da asuba ta ce in biyo ta in ga. Rijiya, daka, damu, kai fura gona, noman gandun maigida, sannan in rana ta karkata mace ta wuce gamanarta, wato 'yar gonar da take nomawa don kanta. Waɗanda rumbunsu ya ƙare kuma, su ne mafi yawa, sai su bar tasu gonar su je ƙwadago a ta wani don a auna musu abin da za a ɗora a wuta ranar. Matar da ta yi wannan wunin ita nake jira ta zo bayan la'asar ta zauna tana bina da karatun baƙaƙe, a da ba. Daga ranar ban ƙara yi wa kowa faɗan latti ba.

Cikin 'yan kaɗan da suka riƙe zuwa akwai Cima. Ta ba hamsin baya, siririya ce, baƙa, mai tsage a kumatu, kullum da jikarta Nana da take riƙo, yarinyar da ba ta wuce shekara huɗu ba. Mijin Cima ya daɗe da rasuwa, ita ke noma ita ke ciyar da su. Takan zo daga gona kai tsaye, ta jingine hauyarta a bakin aji, ta zauna a gaba. Na lura in na yi rubutu sai ta ƙanƙance ido ta karkata kai. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mata ɗaya, ɗayan ma ba ya gani sosai. Sai na riƙa fita da ita waje bayan an tashi, in share damshin rairayi in zana mata baƙaƙen manya-manya da tsinke, ita kuma ta bi da yatsa. Nana na gefe tana zana nata, tana cewa ita ma Madam ce.

Na taɓa tambayarta me ya sa ta nace haka ga gajiya ga ido. Ta ce duk inda aka je, ko rabon abinci ko likita, sai wani yaro sa'an ɗanta ya kama mata yatsa ya tsoma a tawada ya danna a takarda, bai ko dubi fuskarta ba.

"So nike ran nan in ce mishi, sakam min hannu, ba ni abin rubutun."

Ba ta da saurin ɗauka, gaskiya. Abin da muka yi yau gobe ya gudu. Amma ba ta taɓa jin kunyar a sake ba.

Wata rana na raka ta gida don in ga inda take. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa a can gangare, da danga ta kara. Tukunya na kan wuta, na buɗe cikin wasa ina cewa me za a ba baƙuwa, sai na ga ganyen tafasa ne zalla. Ta ce in ya dahu za ta matse ta barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli, shi ne na dare. Na ce Nana fa, ta ce Nana ma. Da na dawo gida na kasa zama. Kullum Barira na kawo mini tuwon gero da miya a ɗaki, in ci in ƙoshi, ban taɓa tambayar abin da sauran gidan ke ci ba, don ba a gabana suke ci ba. Ranar na zagaya bayan ɗaki na tarar da 'ya'yanta sun kewaye akushi, abin da ke ciki shi ne na tukunyar Cima. Albashin Isufu ya makara, gidan kuma cike yake da 'yan'uwa. Ni da na zo taimako, ni ce nake cinye tuwon yara.

Ranar kasuwa ta gaba na bi Malam Ilu Urafane na sayo gero da mai da ɗan wake. Isufu na ganin ana sauke buhu ransa ya ɓaci. Ban taɓa ganinsa haka ba, ba wasa ba zolaya. Ya ce ko ya gaya mini ya gaza ne, ko so nake gari ya ce 'yar gwaggonsa ta zo gidansa tana ciyar da kanta. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Barira ce ta raba gardamar, ta ce masa wannan tsarabar Katsina ce da ta makara a hanya, kuma ita aka kawo wa, ba shi ba. Ta ɗebi wani ta aika wa Cima a ɓoye. Tun daga nan na daina ci a ɗaki, na koma tsakar gida cikin yara.

Sai kuma ruwa ya canza hali. Da farko murna ake yi, gero ya fara fitar da kai. Amma aka shiga wasu kwanaki da sama ba ta ɗauke ba, in ya tsagaita da safe sai ya dawo da azahar. Kwarin nan ya cika ya tumbatsa, ya shiga gonakin gangare, ya shiga gidaje. Ginin ƙasa in ya sha ruwa ba ya faɗuwa nan take, jiƙewa yake yi a hankali, sai ka ji dim daga wani gefen gari, mata su sa salati. Da rana tsaka ɗakin Cima ya zauna, Allah ya sa suna waje. Ba ta tsira da komai ba sai tukunya da hauya da zanen jikinta. Mai gari ya ce waɗanda ɗakunansu suka faɗi su koma makaranta. Aka haɗa bencina aka yi gadaje, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga, aka kafa murhu a baranda. Rubutun da na yi na ƙarshe yana nan a allo, ba wanda ya goge, ba kuma wanda ya ƙara dubansa. Karatu ya ƙare ke nan, ba tare da an ce ya ƙare ba.

Ina zuwa dai kullum, ba don koyarwa ba, don ban san me zan yi da kaina ba. In riƙe wa wata jariri, in taya wata tsince ganye. Ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya yi yawan da ko da rana cizo yake. Masassara ta shiga gari, ta fara da yara. Ɗan ɗakin shan maganin ƙauyen abin da ke cikinsa ya ƙare, hanyar Urafane kuma ruwa ya yanke ta, ko babur ba ya wucewa. 'Yan ƙwayoyin da na zo da su ba su kai ko'ina ba. A mako guda na je gaisuwar rasuwar yara fiye da yadda nake zuwa a shekara a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake yin ta. A zauna a tabarma, a yi addu'a, a ce Allah ya sa mai ceto ne, uwar ta ce amin, can anjima ka gan ta da hauya ta nufi gona, domin ciyawa ba ta san an yi rasuwa ba.

Ni ma masassarar ta kama ni. Na ɗauka gajiya ce, na daure kwana biyu, a na uku ko ruwa na sha sai ya dawo. Barira ta ce har sambatu na riƙa yi ina kiran Inna. Isufu ya tsorata. Ya je ya sami Malam Ilu, shi kuma ya ce ta hanyar da aka saba ba za ta yiwu ba, amma zai gwada zagayawa ta tudu, in shanun sun yarda su ratsa wani mashigi da ruwan bai kai ƙirji ba. Da sassafe aka shimfiɗa mini tabarma a amalanke aka ɗauko ni. Ana shirin tashi sai ga Cima da Nana a baya. Yarinyar ta kwana tana sanƙarewa, idonta ya juye. Cima ba ta roƙi kowa ba, tsayawa kawai ta yi a gefen amalanken. Malam Ilu ya ce ta hau.

Abin da na riƙe na wannan tafiya guntu-guntu ne. Amalanken na jijjiga kaina yana bugun katako, sai Cima ta jawo shi ta ɗora a cinyarta, ta rungume Nana a ƙirji. Ina tuna ƙarar ƙafafun amalanken, da rana da ta fito mai zafi bayan ruwa, da ƙudaje. Ina tuna Isufu cikin ruwa har ƙugu yana jan igiyar shanu, Malam Ilu na lallashinsu da sunayensu. Ƙafar Nana tana taɓa kumatuna, zafinta kamar an ciro ta daga murhu, har ina ƙoƙarin kawar da fuska. Wani wuri amalanken ya tsaya, na ji ana magana ƙasa-ƙasa, ban fahimci komai ba, aka ci gaba. Can na farka na ji ƙafar nan a kumatuna ba zafi. Na yi murna a raina. Na ce, "Cima, alhamdu lillahi, jikinta ya yi sanyi."

Ta ɗora tafin hannunta a goshina ta ce, "Ya yi, Madam. Kwanta abinki."

Na koma barci.

A asibitin Urafane aka sa mini ƙarin ruwa da allurai. Ban dawo hayyacina ba sai wajen la'asar. Na duba gadajen da ke kusa ban ga Nana ba, na tambayi Isufu, ya ce sun koma gida. Na ce da wuri haka, ya ce in huta. Sai washegari da ya ga na iya zama na sha kunu sannan ya gaya mini.

Tun kafin mu yi rabin hanya yarinyar ta cika. Tsayawar da na ji an yi, Cima ce ta kira Malam Ilu ya duba, ya duba ya yi salati. Ya ce tunda gida ya fi kusa, a juya a kai ta a yi mata sutura, in ya so a sake fitowa da ni. Isufu ya ce shi ya rasa yadda zai yi, ga 'yar'uwarsa kwance ga gawa, kowanne ya zaɓa da kunya. Cima ce ta yanke. Ta ja gefen zanenta ta rufe fuskar yarinyar ta ce, "Wagga ta gama tata tahiya. Ku kai mai rai." Ta kuma ce kada wanda ya gaya mini, kada tsoro ya ƙara mini ciwo. Haka ta zauna sauran tafiyar nan, gawar jikarta a ƙirji, kaina a cinyarta, ba ta ko gyara ƙafa ba don kada in farka. Da aka iso aka sauke ni, ita ba ta sauko ba. Malam Ilu ya shayar da shanunsa suka juya, don su riski gari a binne ta kafin rana ta faɗi.

Ban koma Kwarin Aduwa ba. Na so in koma ko gaisuwa in yi, amma ƙafafuna ba sa ɗaukata, ma'aikacin asibitin kuma ya ce jinina ya yi ƙasa, a wuce da ni Tasawa. Can maigidana ya zo ya same ni, Isufu ya riga ya kira shi. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce mu je gida. Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba, ko iyakar ban san lokacin da muka wuce ta ba. Jakata daga baya aka aiko mini da ita ta hannun wani direba. Barira ta wanke kayan duka ta ninke.

Bayan na warware na yi ta roƙon Isufu ya haɗa ni da Cima, don ita ba ta da waya. Sai da aka fara yankan gero sannan ya samu ya kai mata tasa. Na shirya maganganu da yawa, na yi ta maimaita su a raina, amma da na ji muryarta duk suka watse. Ita ce ma ta riƙa tambayata jiki, da maigida, da yara, da ko ina cin abinci. Ta ce an taya ta ta ɗaga ɗaki na kara kafin rani, geron tudu ya yi kyau, na gangare ne ruwa ya ci. Da ƙyar na iya cewa Allah ya jiƙan Nana, ya ba ta haƙuri. Ta ce amin.

Duk zamana a garin ban taɓa tambayarta ina uwar yarinyar take ba, na ɗauka ta rasu ne. A wayar nan take gaya mini tana raye. 'Yarta ce ta cikinta, tun rani ta bi wasu mata can arewa neman abin da za a ci, ta bar mata yarinyar amana ta ce da kaka za ta dawo. Ba ta da lambar da za a same ta, ba wanda ya san garin da take. Har yanzu ba ta ji ba. Cima ta ce matan da suka tafi tare sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, duk ranar kasuwa in ta hango amalanke ya doso gari sai gabanta ya faɗi.

"In ta sauko ta ce ina ɗiyata, Madam, mi zan ce mata?"

Muka zauna haka riƙe da waya, ina jiyo kukan awaki da ƙarar daka daga can gefenta, har ta ce bari ta je ta kwashe geron da ta shanya, ta ga hadari ya taso.